Katunan Awino Sun Yi Waƙa A Cikin Kwat Ɗina

Shekara talatin ina gaya wa mutanen unguwarmu ta Nyalenda cewa ni, Barnabas Ogola, mai gyaran agogo a bakin kasuwar Kibuye, ni na zo na ɗaya a jarrabawar gama sakandare a duk gundumarmu. Na faɗa na maimaita har na fara tuna kalar rigar da na sa ranar karɓar kyauta. Gaskiyar magana kuwa, barci na yi a takardar lissafi. Mai sa ido ne ya tashe ni, ya zare takardar daga ƙarƙashin kumatuna, ya riƙe ta da yatsa biyu saboda yawu.

Mutum biyu ne suka san wannan a duk Kisumu. Akwai matata Perpetua, wadda nake kira 'Yar Alego da sunan garinsu, akwai kuma Odundo kafinta, wanda ya zauna a bayana a ɗakin jarrabawar, Allah kuma ya jarrabe ni ya kama ɗakin da ke kallon nawa a gidan hayarmu. Wata guda na yi a wancan lokacin ina karatu ƙafafuna cikin bahon ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke ni. Da na zauna daga baya na yi nazarin abin da ya kayar da ni, sai na gano ruwan ne bai yi sanyi sosai ba.

To ga 'yata Awino, ita kaɗai Allah ya ba mu, saura sati biyar ta zauna tata jarrabawar. Yarinya ce mai kai. Makarantar koyon jinya take so, malamanta kuma sun ce za ta samu in ta ci gaba yadda take. Yadda take ɗin ne bai yi mini ba. Ta yi karatun awa biyu ta tashi ta yi miƙa, ta tafi gwajin waƙa a coci, ranar Asabar ƙawayenta su cika mana ƙofar ɗaki suna kitso suna ɓaɓɓaka dariya. Har barcin rana take yi! Na ce a raina, yarinyar nan za ta ɓata mini sunan da ban taɓa samu ba.

Ranar Lahadi na shigo da kwalin firiji da na roƙo a kasuwa, na zana jadawali da jan alƙalami, na buga shi a bango da ƙusa shida. Na kwaso agogon ƙararrawa bakwai da masu su suka kawo gyara suka manta da su, na jera a kan kabad.

'Yar Alego ta tsaya gaban kwalin, hannu a ƙugu, tana karantawa.

"Cin abinci minti tara. Wanka minti shida. Baban Awino, ina lokacin numfashi?"

"Za ta iya yi tana karatu."

"Barci awa huɗu? Ko mai gadi ya fi haka."

"Mai gadi ba jarrabawa zai zauna ba. Wannan Tsarin Ogola ne, shi ya kai ni inda nake a yau."

Ta dube ni, ta dubi takalmina da ya buɗe baki. "Ai na ga inda ya kai ka," ta ce, ta koma kan keken ɗinkinta.

Na karɓe wayar Awino na kulle a akwatin kayan aikina. Na je na shaida wa shugabar mawaƙa cewa muryar 'yata ta tafi hutu. Ranar Asabar na kafa kujera a bakin ƙofar gida, da babbar ƙawarta Achola ta zo da mataji da man kitso, na ce ta dawo bayan sati biyar.

"Baba, kan nata fa ya tsufa."

"Abin da ke cikin kan za a duba, 'yata, ba abin da ke samansa ba."

Awino ba ta yi mini gardama ba. Yarinya ce mai ladabi, ta ce to, ta ja kujera ta zauna gaban littafi.

Agogunan nan, in faɗi gaskiya, ban gama gyara su ba. Kowanne da nasa ra'ayin game da asuba. Wannan ya buga, kafin a koma barci wancan ya ɗauka. Mama Selina mai soya ƙananan kifin omena, wadda bango ɗaya ya raba mu, ta zabura ta hura wuta ta soye kifinta tas, sannan ta zauna tana gadinsa awa uku kafin masu saye su farka. Zakaran Odundo ya yi fushi ya daina cara gaba ɗaya.

A kwana na uku Odundo ya tare ni a bakin famfo, idanunsa jajur.

"Ogola, ko ka rage agogunanka, ko in ba mutanen gidan nan labarin lissafi."

"Wane lissafi?"

"Wanda ya jiƙe."

Na rage uku. Amma na gaya wa kowa cewa mataki na biyu na tsarin ne ya zo.

Sai lokacin katunan fatan nasara ya kama. Duk ɗan da zai zauna jarrabawa, dangi da abokan arziki sai sun aiko masa da kati mai fure da ƙyalƙyali, wanda in an buɗe yake fara kiɗa, ƙin-ƙirin-ƙin, har sai an rufe. A makarantar su Awino kowace safiya ake kiran sunayen waɗanda kati ya zo musu, su fito gaban taro su karɓa ana tafi. Ni a ganina ba abin da ke cinye lokacin ɗalibi kamar wannan. A buɗe, a rufe, a nuna wa ƙawa, a sake buɗewa. Na yi lissafi da fensir, kowane kati zai ci minti arba'in.

Saboda haka na bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya, nawa da na 'Yar Alego, har da 'yan ƙungiyar waƙa. Na ce kada a aika ta makaranta, a aiko ta akwatina na gidan waya, ni zan miƙa da hannuna. Niyyata in tara su, ranar da ta ajiye alƙalami in zube mata su gaba ɗaya, ta ga irin uban da Allah ya ba ta.

Katuna suka fara zuwa. Biyu, biyar, tara. Teburina na kasuwa ba shi da wurin ɓoyo, don haka na riƙa shigowa da su gida a cikin riga. Ba na iya haƙuri, sai na farke ambulan na ga wa ya aiko, sannan in cusa su a saman bango, ƙarƙashin kwanon rufi.

Wata yamma muna cin ugali, tuwonmu na masara, da ganye, agogon cin abinci yana ta ƙas-ƙas a tsakaninmu, Awino ta ɗago kai.

"Baba, ba abin da ya zo a akwati?"

"Ba komai sai yanar gizo."

"Yau an kira Achola sau huɗu. Ko daga Dani?"

Dani mahaifiyata ce, tana ƙauye a Uyoma, kuma ita da Awino ba mai shiga tsakaninsu. Katinta tun Talata yana saman bango, daidai kan kujerar da yarinyar ke zaune.

"Dani ta tsufa," na ce. "Ta yiwu ta manta."

Awino ta ajiye lomar da ta gutsuro, ta wanke hannu, ta koma kan littafi, saura minti huɗu cikin taranta. Na ce ai alamar tsari ya fara kama jiki ne.

'Yar Alego kuwa ta ɗauki fushi da danginta. Ƙanwarta ta kira daga Siaya, ta kalli wayar ta kife ta.

"Ni na yi wa 'ya'yanta ɗinkin makaranta shekara shida. Kati ɗaya ya gagare ta? Ba zan ɗauka ba, kuma ba zan roƙa ba."

Na ce gaskiyarta, mutanen yanzu ba su da zumunci.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne rana. Kwanon rufi in ya ɗau zafi, takarda sai ta lanƙwashe, kati ya buɗe bakinsa da kansa. Ranar Alhamis na dawo cin abincin rana na tarar da mata goma sha biyu sanye da fararen kaya sun kewaye ƙofata da ganga da bokitin ruwan addu'a. Mama Selina ce a gaba. Ɗakin a kulle, 'Yar Alego ta tafi kai ɗinki, daga ciki kuma ana jin ƙin-ƙirin-ƙin, siriri, a hankali.

"Baban Awino, kada ka matso!" in ji Mama Selina. "Kwana uku ke nan. Da rana ta take sai ya fara. Ba kowa a ciki, na leƙa ta taga."

"Haba Mama Selina, ku da kuke zaune da masanin na'ura? Wannan ai rediyon Uganda ne. Yana tsallako babban tafkin da ke tsakaninmu da su, ya bugi kwano, ya faɗo ciki. Kimiyya ce."

Odundo yana jingine da ƙofarsa yana goge kayan kafintancinsa. "Mutanen Uganda waƙa ɗaya tak suka iya?"

"Gidan rediyon yara ne."

Ba su saurare ni ba. Sai da na buɗe, suka shiga suka yayyafe mini katifa da kwalin jadawali, jan alƙalamin ya zuba har lokacin wanka ya haɗe da na ilmin sinadarai. Allah ya taimake ni hadari ya taso, kwano ya huce, kiɗan ya tsaya. Matan suka fita suna rawa sun ci nasara, Mama Selina ta ce in ya dawo in kira ta ko ƙarfe nawa ne.

Washegari na ce to, ai ni ne likitan irin waɗannan abubuwa. Na kwashi katunan na kai teburina. A cikin kowanne akwai ɗan harshen takarda da ke raba ƙarfe biyu, in an buɗe ya zame, kiɗa ya tashi. Mai ƙaramin tunani zai cire batir ya huta. Ni na ce in na cire, ranar miƙawa za su zama kurame. Sai na zare harsunan duka, na maye gurbinsu da guntun tsinken ashana, fasahar da na ƙirƙiro a wurin nan take. Yanzu kam zafi ba ya buɗe su. Sai dai kuma ba sa bukatar a buɗe su. Ka ɗan girgiza, ashana ta goce, su kama waƙa.

Na ɗaure su a leda na tura bayan akurkin kajin Odundo. Kaji suka yi ta tsattsagar ledar, leda ta amsa musu. Da yamma aka ga kaji tara a kan rufin banɗaki, sun ƙi sauka. Mama Selina ta ce abin ya bar mutane ya koma dabbobi, alamar yana jin jiki. Na lallaɓa na ɗauke ledar na mayar ɗaki, na shimfiɗa su a ƙasan akwatin tufafina, na hana kowa jan akwatin.

Ana cikin haka Awino tana ta zubewa. Wuyanta ya fito. Ta zuba gishiri a shayi ta shanye ba ta ji ba. Na leƙa ta bayanta wata rana na ga shafi na sittin da biyu, na dawo bayan awa ɗaya na ga shafi na sittin da biyu. Malamar ajinsu ta aiko da takarda cewa a gwajin ƙarshe Awino ta kifa kai a tebur ta yi barci, rabin tambayoyin ba ta taɓa su ba.

'Yar Alego ta karanta, ta miƙo mini, ta zuba mini ido.

"Wannan bai tuna maka da kowa ba?"

"Rashin horo ne. Zan dawo da agogo ɗaya."

"Ka dawo da shi, ni kuma in dafa maka shi."

Awino tana zaune tana jinmu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ku bar faɗa. Ni ban ma san ko zan shiga ba."

"Ba za ki shiga me ba?" na ce.

"Jarrabawar. Kaina ba ya riƙe komai, Baba. In na faɗi ma wa zai damu? Duk ajinmu ni kaɗai ce ba a taɓa kira ba. Har mai share aji ta tambaye ni ko ni marainiya ce."

Nan ne ya kamata in ja akwatin nan in buɗe. Na san haka, na kuma ji tsoro ƙwarai, don ban taɓa jin muryarta ta mutu haka ba. Amma saura kwana biyu Ranar Addu'a, wadda iyaye ke taruwa a makaranta a yi wa masu jarrabawa addu'a, ni kuma sati uku ina zarya ofishin shugabar makaranta har ta gaji ta ba ni minti biyar in yi wa iyaye bayanin Tsarin Ogola. Na riga na gaya wa rabin kasuwar Kibuye. Na ce a raina, bari a wuce Asabar tukuna.

Asabar da safe 'Yar Alego ta tashi da tsintsiya a hannu.

"Jiya na ji abin nan a cikin ɗakin nan da kunnena. Yau sai na juye komai. Ja mini akwatinka."

"Yanzu? Za mu makara!"

"To in mun dawo. Amma Mama Selina ta ce in bar mata makulli, 'yan cocinsu za su zo su fara."

Da ta shiga wanka na buɗe akwatin. Kati ashirin da uku. Na ɗauko kwat ɗin aurena, wanda shafinsa na ciki ya ɗan farke ta wajen hammata, na dinga zura su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ina riƙe numfashi. Na sa kwat ɗin a hankali. Na yi faɗi kamar kabad.

"Ka yi ƙiba cikin dare?" in ji 'Yar Alego.

"Kwarjini ne."

Ta tsayar da 'yan acaɓa biyu. Na tuna ramukan hanyar Nyalenda na ce ni da ƙafa zan je, likita ya ce in riƙa tafiya. Na bi gefen titi ina taku ɗaya-ɗaya, hannuwa a buɗe, wuya a sandare. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce Allah ya ba ni lafiya, ita ma mijinta ya yi fama da maruru a irin wurin.

Na isa an cika rumfa. 'Yan jarrabawa a gaba cikin kayan makaranta, iyaye a baya, fasto da shugabar makaranta a kan dandamali. Odundo ya zo saboda 'yar wansa. Mama Selina ma ashe ta fasa aikin ɗakina ta biyo, don ba a addu'a a Nyalenda ba da ita ba. Duk wanda ya buɗe hannu zai rungume ni sai in ɗaga masa yatsa daga nesa. Fasto ya ce a durƙusa, kowa ya durƙusa, ni kaɗai na rage a tsaye kamar turken awaki. Shugabar makaranta ta hango ni ta yi ajiyar zuciya.

"Da alama Malam Ogola ya ƙagu. Bismillah, minti biyar."

Na hau matakala uku cikin minti ɗaya. Na hango Awino a layin gaba, ta jingina kai a kafaɗar Achola, barci ya riga ya sace ta. Na kawar da ido na kama lasifika.

"Iyaye 'yan'uwana! Ni da kuke gani, na ɗaya na zo a zamanina." Odundo ya yi tari, na yi kamar ban ji ba. "Mene ne sirrin? Horo! Yaran yanzu ƙawaye sun cinye su. Barci ya cinye su. Kiɗa da waƙa sun cinye su!"

Wasu iyaye maza suka tafa. Tafi kuwa shi ne giyata. Na ji kaina ya fara girma, na manta da abin da ke jikina.

"Ku zo gidana ku gani! Sati biyar cur, ko sautin kiɗa ɗaya ba a ji ba a ƙarƙashin rufina. Ni, Barnabas Ogola!"

Na daki ƙirjina da tafin hannu.

Ƙin-ƙirin-ƙin.

Lasifikar tana daidai wurin, ta ɗauka ta watsa wa rumfa duka. Na yi sauri na dafe wajen don ya yi shiru, na hagu ya ɗauka. Na matse hammata, biyu suka tashi a baya. Na juya in ga ko akwai hanyar sauka, kafaɗa ta shiga. Kowanne da inda ya faro waƙarsa, wani na gaba, wani na binsa, wani batirinsa ya yi sanyi yana jan murya kamar ɗan maraƙi.

"Wayata ce," na ce a lasifika.

"Wayarka tana jakata!" in ji 'Yar Alego daga baya.

Mama Selina ta miƙe ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Shi ne! Ya bar kaji ya shige shi! Fasto, a jikinsa yake!"

Kafin in ce wani abu mata shida sun hau dandamali. Fasto ya dafa kaina, mata suka kama kafaɗu da hannuwa suna jijjiga ni suna cewa fita, fita. Duk jijjiga ɗaya sai sabon kati ya shiga sahu. 'Yan jarrabawa sun hau kan benci suna ihu. Ina cewa ku tsaya in yi bayani, kimiyya ce, Mama Selina tana watsa mini ruwa a baki.

Sai na ji ɓarrr. Shafin kwat ya rabu daga hammata har ƙasa.

Suka zubo. Ja, shuɗi, mai ruwan zinariya, masu fure, masu hoton alƙalami, suka bazu a dandamali suna gangarawa matakala, kowanne yana waƙarsa. Matan suka sake ni suka ja da baya. Fasto ya janye hannunsa ya goge a wando.

Odundo ne ya tako ya ɗauki ɗaya, ya zare lasifikar daga hannuna cikin ladabi.

"Zuwa ga Awino Ogola, daga ƙanwar mamanki a Siaya." Ya ɗauki wani. "Awino Ogola, daga 'yan ƙungiyar waƙa." Wani kuma. "Awino Ogola. Awino Ogola. Kai, Ogola, gidan waya ka buɗe a hammata?"

"Daga Siaya?" 'Yar Alego ta taso tana ture kujeru. "Sati uku ina gaba da 'yar'uwata! Barnabas!"

In ta kira ni Barnabas, to a nemo mai raba faɗa.

"Tunda lasifika na hannuna," in ji Odundo, "bari in cika muku tarihin na ɗayan gunduma. Ni na zauna a bayansa. Minshari ya yi a takardar lissafi har mai sa ido ya zaci injin niƙa aka tayar."

Rumfa ta kece da dariya. Har shugabar makaranta ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni dai ina tsaye, jiƙe, kwat a yage, kati ɗaya da ya maƙale a bayana yana ta ƙarasa waƙarsa.

Amma ba dariyar ce ta kashe ni ba. Awino ta farka, ta tako gaban dandamali, ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, Achola na taya ta. Ta kai kan wani ƙarami mai hoton tattabara ta tsaya. Na Dani ne. Malamin cocin ƙauye ya rubuta mata, ita kuma ta dangwala babban yatsanta da tawada a ƙasa. Awino ta ɗora nata yatsan a kan shaidar, ta daɗe a haka. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

A gida ba wanda ya yi mini magana. 'Yar Alego ta ɓamɓare kwalin daga bango ta miƙa wa Mama Selina ta hura wuta, sannan ta fita tsakar gida tana ba ƙanwarta haƙuri a waya da ƙarfi yadda zan ji. Awino ta jera katunan a kan tabarma, tana karanta kowanne a hankali. Na zauna a bakin gado, hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"Minti shidan nan na wanka, ka san me nake yi da su? Uku wanka, uku kuka. Na zaci ba wanda ya tuna da ni."

Ta ajiye katin da ke hannunta a layi.

"Jibi zan shiga jarrabawa," ta ce. "Amma gobe zan je coci in yi waƙa, Achola kuma za ta zo ta yi mini kitso. Zan yi karatu awa biyu da yamma, shi ke nan."

"Shi ke nan," na ce.

Ta sake bin katunan da ido, daga farkon layi zuwa ƙarshe.

"Ashirin da uku. Har da na mai sayar da gawayi." Ta ɗago ta dube ni karo na farko. "Naka ne kawai babu."

Ban san lokacin da na fita ba. Da yagaggen kwat ɗin na hau acaɓa, na ce ya bi ta kowane rami yake so. Kantin littattafai na farko an rufe. Na biyu suka ce katin nasara ya ƙare tun Laraba. A na uku yarinyar kanti ta jawo wani kwali mai ƙura daga ƙasa.

"Baba, iri biyu suka rage. Na ta'aziyya da na barka da haihuwa."

"Ba ni na haihuwar."

"Mace ko namiji?"

"Mace."

Na dawo rana na shirin faɗuwa. 'Yar Alego ta shigo ta zauna a tabarma kusa da 'yarta. Na miƙa katin da hannu biyu. Ruwan hoda ne, da hoton jaririya a cikin kwando. Awino ta juya shi gaba da baya, ta buɗe, wani kiɗan lallashin jarirai ya fara fita a hankali. Ta karanta a fili.

"Barka da samun 'ya mace." Ta dube ni. "Baba, ya makara da shekara goma sha bakwai."

"Layi ne ya yi tsawo a kantin."

Dariyar ta fara ne ta hanci, sannan ta ƙwace mata gaba ɗaya, ta faɗa jikin uwarta tana riƙe ciki, hawaye na zuba. 'Yar Alego ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe fushinta, ya kuɓuce mata. Sati biyar rabon ɗakin nan da wannan sautin, kuma ni na kore shi da hannuna.

Da ta lafa, Awino ta share ido ta miƙo mini katin a buɗe.

"Ai ba jaririyar ake ba irin wannan ba, Baba. Uban ake ba. Riƙe abinka."

Ta gyara kwanciya, ta ɗora kai a cinyar uwarta. Kafin kiɗan ya zagayo sau biyu ta yi barci. Na tsaya a kanta da katin a hannu, na kasa rufewa, ina tsoron kada shirun ya tashe ta.